Labarin Bishop Ajayi Crowther, Bawan Da Bai Rama Ba

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai sabon shiga ne cikin hanyar Yesu Kristi, ko kuwa har yanzu kana bakin ƙofa kana tambaya, na sani akwai magana guda cikin koyarwar Ubangijinmu wadda ta kan tsaya wa mutum a maƙogwaro, ita ce maganar barin ramuwa. Mun tashi muna ji a bakin manya, wai ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Yaro in an doke shi a dandali ya komo gida yana kuka, sau da yawa ba a rarrashinsa, sai a kora shi ya koma ya rama, domin kada a ce gidansu gidan ragwaye ne. Ga shi kuwa cikin Bisharar Matta, sura 5, Ubangiji Yesu ya hana masu binsa biyan cuta da cuta, har ya ɗora musu nauyin ƙaunar abokan gaba da yi musu addu'a. Manzo Bulus kuma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 12, ya nuna mana sakayya aikin Allah ce, bai ba mu ita a hannu ba.

Masu neman baftisma sun sha tambayata, su ce, wannan magana dai mai daɗin ji ce, amma mutum mai jini a jika ya taɓa iya ta? Mutumin da aka kore shi daga gidan ubansa, ko aka ƙwace masa gona, ko aka raba shi da 'ya'yansa, yaya zai yi da wutar da ke cikinsa? Saboda wannan tambaya na ga ya kamata in ba ka labarin wani baƙin mutum ɗan'uwanmu, wanda ya sha ruwan Kwara, ya zauna gaban Sarkin Bida da Sarkin Ilori. An cuce shi sau biyu, cuta mai girma, sau ɗaya yana yaro, sau ɗaya kuma yana tsoho. Sunansa Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a wani gari na ƙasar Yarabawa, ana ce da shi Oshogun, kusa da Iseyin. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ya tashi daga wajen Ilori ya bazu cikin ƙasa, kama mutane a sayar ya zama sana'a. Ran nan da hantsi, cikin farkon shekara ta 1821, mata suna shirin abincin safe, sai aka ji kururuwa, mayaƙa sun kewaye gari. Ajayi da kansa ya faɗi ko su wane ne: Yarabawan Oyo waɗanda suka musulunta, da Filani, da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu suka shiga rundunar. Masana tarihi kuwa sun nuna da yawa cikin bayin nan Hausawa ne. Ban faɗi wannan domin in tona tsohon miki ba, sai domin ka sani labarin nan ba na nesa ba ne, har da hannun mutanenmu a ciki. Ka kuma tuna, waɗanda suka sayi yaron daga baya suka ɗaure shi da sarƙa Turawa ne masu amsa sunan Kirista. Cinikin bayi ba laifin kabila guda ba ne, ko na addini guda.

Kafin rana ta yi tsaka an ci garin, an sa masa wuta. Uban Ajayi ya shigo gida ya ce musu su gudu, ya koma wajen faɗa, daga ran nan ɗansa bai ƙara ganinsa ba. Aka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa mata biyu, ɗaya jaririya ce a goye, aka zarga musu igiya a wuya, aka kora su kamar awaki. Da aka zo rabon ganima aka raba su. Shi Ajayi aka musanya shi da doki. Bayan kwanaki aka ga dokin bai gamshi mai shi ba, aka warware ciniki, aka mai da yaro. Ya sake haɗuwa da uwarsa na ɗan lokaci, sa'an nan wata rana aka ɗauke shi aka kai shi kasuwa, ba ko sallama. Daga hannu zuwa hannu aka yi ta sayar da shi, har da taba da barasa aka taɓa biya a kansa. Tsoron Turawan Fotugal ya cika shi har ya nemi ya shaƙe kansa da ɗamararsa, amma Allah bai nufa ba. A ƙarshe abin da ya ke tsoro ya same shi, aka kai shi Ikko, Turawan Fotugal suka saye shi, aka sa shi cikin sarƙa guda da manyan maza, ya yi watanni a haka.

Cikin watan Afrilu na 1822 aka zuba su cikin jirgin ruwa, su 187, za a haye teku da su. Ingila kuwa ta riga ta hana cinikin bayi tun 1807, jiragenta na yaƙi suna sintiri a bakin teku. Jirgin bayin bai yi nisa ba suka tare shi. Yaran da aka kwance ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka hau jirgin Ingilishi suka ga naman alade a rataye, da harsasan igwa a jere, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu, suka ce tasu ta ƙare. Sannu a hankali suka gane. Cikin watan Yuni aka sauke su a Saliyo, ƙasar da a ke zaunar da 'yantattun bayi.

A nan zan gaggauta, gama ba ilminsa na ke so in nuna maka ba, ko da shi ke abin mamaki ne. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ikilisiya na Landan, Samuel Crowther. A 1827 shi ne ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. Ya auri wata yarinya, Asano, ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, suka yi zaman aure shekara 50. A 1841 ya bi ayarin jiragen da suka hau Kwara, tare da wani Bajamushe mai wa'azi, J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta littattafan farko na koyon Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a tafiyar nan, ƙungiyar C.M.S. ta gane aikin bishara a bakin kogin sai da 'yan ƙasa. Aka kira Ajayi Ingila, aka naɗa shi limamin ikilisiya a 1843.

Amma akwai abu guda daga zamansa na Saliyo da ba zan wuce ba, domin kada ka zaci an haife shi da sanyin zuciya ne. Sa'ad da ya ke malamin makaranta, saurayi mai zafin himma, ya ga wani yaro ɗan Musulmi ya zo da laya a jikinsa, sai ya yanke ta, ya ce ba a shigo da irin wannan makarantar Kirista ba. Uban yaro ya zo a fusace. Ajayi ya ce a tara malamai a yi muhawara, ya shirya hujjojinsa tsaf, ya tafi yana ganin nasara a hannu. Malaman suka tsaya kan abin da suka gaskata, ba wanda ya gusa ko taki ɗaya, aka watse ba abin da ya ƙaru sai ɓacin rai. Da ya tsufa shi da kansa ya rubuta labarin nan domin matasa masu wa'azi su koya daga kuskurensa. Ya gane ana iya rufe bakin mutum da gardama, zuciyarsa kuwa ta ƙara nisa. Ni ma na san wannan jaraba, kai ma za ka san ta. Akwai ramuwar da a kan yi da baki, mai yinta yana zaton gaskiya ya ke karewa, alhali haushinsa ya ke hucewa.

A 1846 aka aike shi Abekuta, ƙasar Yarabawa. Bai daɗe da sauka ba aka ce masa uwarsa tana da rai a wani gari kusa. Cikin watan Agusta aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu. Tsohuwa ta gan shi ta kama rawar jiki, suka riƙe juna suna duban juna, ba mai iya magana, hawaye yana zuba. Ta yi ta kiransa da sunayen da kakarsa ta kan kira shi da su yana ƙarami, kakar nan kuwa cikin bauta ta mutu. Uwar ita ma ta sha bauta, an fanshe ta. Daga baya ya fanshi waɗansu danginsa da yaƙi ya sake cinyewa. A 1848 aka yi wa uwarsa baftisma, aka sa mata suna Hannatu, gama Hannatu ce uwar Annabi Sama'ila, wato Samuel.

To, ka tsaya nan ka duba. Ga mutum ya komo ƙasarsu yana da ilmi, yana da daraja, manyan Ingila suna jin maganarsa. Ya ji daga bakin uwarsa dukan abin da aka yi musu. Garinsu kufai ne. In akwai lokacin da Shaiɗan zai raɗa wa mutum cewa ranar biyan bashi ta zo, wannan ne. Abin da Ajayi ya sa gaba kuwa shi ne juya Maganar Allah da Yarabanci, da kafa makarantu, da koya wa mutane noman auduga domin su sami abin sayarwa wanda ba ɗan Adam ba.

Kada fa ka ce ya yi shiru a kan mugunta. A 1851 ya tafi Ingila, ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya ba su labarin bautarsa, ya nuna musu Ikko a taswira, inda aka sayar da shi, ya kuma yi musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci, addu'ar nan da mu ke roƙon Allah a cikinta ya auna mana gafara da mudun da mu ke auna wa waɗansu. Ya gaya wa mahukunta a fili, muddin kasuwar bayi ta Ikko tana ci, ƙasar Yarabawa ba za ta huta ba. A ƙarshen shekarar nan jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa Ikko wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye. An zub da jini, bayan shekara goma kuma Ingila ta haɗiye garin ɗungum. Ba zan ce maka duk abin da ya biyo baya alheri ne ba, kuma ba na wanke kowa a ciki. Abin da na ke so ka lura da shi ke nan: son a tsai da cuta daban, son mai cuta ya sha azaba daban. Na fari Kirista ya kan nema, har gaban alkali in ta kama. Na biyun shi ne ramuwa. Su biyun nan sun yi kama ƙwarai daga waje, sai mai zuciyar kaɗai ya san wanne ke cikinsa, saboda haka sai ka riƙa bincike naka ran kafin ka kai ƙara.

Inda halin Ajayi ya fito sarai shi ne a bakin Kwara. A 1854 ya bi Likita Baikie suka hau Binuwai. A 1857 ya kafa aiki a Anaca, jirginsu ya ci gaba ya fashe a kan dutse kusa da Jabba, ya daɗe a ƙasar Nufe yana koyon harshe, yana sanin mutane. Masu mulkin Nufe a lokacin 'ya'yan Malam Dendo ne, Filani, Usman Zaki da Masaba, mayaƙansu kuwa suna kai hari suna kamo bayi kamar yadda aka kamo shi. Mutum mai riƙo da ya ga rawaninsu sai Oshogun ta faɗo masa a rai. Ajayi ya tafi wurinsu da ladabi, ya gaishe su gaisuwar sarakuna, ya kai musu Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta. Ya rubuta littafin koyon karatu da Nufanci a 1860, da na nahawunsa a 1864, domin talakawan ƙasar su sami Magana da bakinsu. Bai ɓoye abin da ya kawo shi ba, bai kuwa zagi abin da su ke girmamawa ba. Shekara da shekaru yana zuwa Bida, har aminci ya shiga tsakaninsa da Masaba, sarakunan da suka biyo baya kuma suka ba shi wurin zama a ƙasarsu.

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, shi ne baƙin mutum na fari da ikilisiyar Ingila ta ba wannan matsayi. Cikin taron akwai tsohon kyaftin ɗin jirgin da ya cece shi, da matar da ta fara koya masa baƙaƙe a Saliyo. Amma tun a ran nan akwai ƙaya cikin tuwon, gama waɗansu Turawan mishan na ƙasar Yarabawa sun ƙi yarda baƙin mutum ya shugabance su, sai aka bar su waje da ikonsa, aka ba shi bakin Kwara. Ya sani sarai, ya karɓi aikin, ya ci gaba da kiransu 'yan'uwa.

A 1867 wani basarake na wajen Idda, Abokko, wanda dā su ke mutunci da shi, ya tare kwalekwalensa, ya washe kayansa, ya tsare shi da ɗansa Dandeson kwana da kwanaki cikin wulakanci, yana neman fam 1,000 kuɗin fansa. Wani Bature, mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, sunansa Fell, ya zo ya fisshe su, amma suna gudu zuwa jirgi aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu. Tsohon bawa ya sake ɗanɗana igiya yana Bishop. Duk da haka bai juya wa kogin baya ba, ya ƙara shekara fiye da 20 yana hawa yana gangarowa, yana wucewa ta gaban wurin nan.

Ga abin da na fi so cikin labarin duka. A 1872 tafiya ta bi da shi ta ƙasa daga Bida zuwa Ikko, ya sauka Ilori, garin da wutar da ta cinye Oshogun ta taso daga wajensa shekara 51 da suka wuce. Sarki ya tara malamai da fadawa, aka kira shi, aka yi masa tambayoyi masu wuya, waɗanda amsarsu ta kan iya ta da gari. Aka tambaye shi ko Yesu Ɗan Allah ne. Yaron nan mai yanke laya da yanzu ya shiga gardama. Tsohon kuwa sai ya buɗe Bisharar Luka, ya karanta musu inda Mala'ika Jibrailu ya zo wurin Maryamu, gama ya san su ma suna girmama Jibrailu da Maryamu da Almasihu, ya bar Littafi ya amsa. Kowace tambaya haka ya yi da ita. Da aka tambaye shi abin da Littafinsa ya faɗa a kan Annabin Musulunci, ya amsa da natsuwa, ya ce an gama rubuta Sabon Alkawari shekaru ɗaruruwa kafin zamaninsa. A ƙarshe aka ce ya nuna irin addu'ar Kirista. Ya karanta addu'ar da a ke yi wa Sarauniya, ya bayyana musu cewa Kiristan da ke zaune ƙarƙashin wani sarki, sunan sarkin nan ya kan sa a wurin. Wato ya nuna wa Sarkin Ilori, a gaban fadawansa, cewa Kirista mai roƙa masa albarka ne. Fada ta yaba, aka sallame shi lafiya. Bai rage kome daga bangaskiyarsa ba, bai kuma bar wa kowa miki ba.

Alheri danƙo ne. Cikin shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara lalata mutanen Nufe, Sarkin Bida Maliki ya rasa wanda zai kai kukansa Ingila, sai ya sa aka rubuta takarda da Hausa domin a isar wa Bishop Crowther, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya sa baki a hana shigo da ita. Jikan Malam Dendo ke nan ya ke neman taimakon mutumin da aka taɓa musanyawa da doki.

Da labarin ya ƙare nan da na ji daɗi. Amma cuta ta biyu tana gaba, ita ce kuwa ta fi ciwo, gama daga cikin gida ta fito. Dole in faɗe ta, domin kada ka shiga ikilisiya kana zaton ba za a taɓa ɓata maka rai a ciki ba, ran da aka ɓata maka kuwa ka yi tuntuɓe.

Zamani ya juya. Henry Venn, magatakardan C.M.S. wanda ya amince da shi, ya rasu a 1873. Kamfanin Turawa ya mamaye cinikin Kwara, yana ture baƙaƙen 'yan kasuwa, raina baƙin mutum kuma ya yi ƙarfi a zukatan Turawa da yawa, har da na mishan. Gaskiya kuma ita ce, aikin Bishop yana da rauni. Ma'aikatansa suna warwatse a tashoshi masu nisa, albashi kaɗan, shi kuwa ya tsufa, ba ya iya kai musu ziyara sai jirgi ya samu. Waɗansu sun shiga ciniki, waɗansu sun faɗi cikin zunubi, har a Anaca aka yi wa wata yarinya dūkan da ya kashe ta a hannun ma'aikatan mishan, shari'a ta hukunta su. An ce Bishop ya cika sauƙin hali, ba ya son korar mutum sai laifi ya tabbata da shaidu. Mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki. Haƙurin da ya yi kyau ga wanda aka cuta, ba kullum ya ke isa ga wanda aka ba sandan kiwo ba.

Amma dubi yadda aka yi gyaran. A 1890 waɗansu samarin Turawa suka zo Lakwaja, shugabanninsu G. W. Brooke da J. A. Robinson, niyyarsu su kai bishara ƙasar Hausa. Mutane ne masu himma, sun sa riga da rawani, sun koyi Hausa, ba su ji tsoron mutuwa ba. Sai dai sun zo da tsintsiya a hannu, suna ganin aikin shekara 33 duk shara ne. Cikin watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anaca. A gaban tsohon nan mai shekara wajen 80, wanda ya fara wa'azi tun ba a haife su ba, aka yi ta karanta laifofin ma'aikatansa, masu laifi da marasa laifi aka haɗa, aka dakatar da limaman da shi ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da an bar masa ikon da ke na Bishop ba. Aka yi masa magana kamar yaron gida.

Me ya yi? Bai yi kamar bai ji ciwo ba. Ya faɗa musu ba su da ikon yin abin da suka yi, ya sauka daga kwamitin, ya rubuta wa shugabannin ƙungiya a Landan, ya bi ƙararrakin da hujja, ba zagi. Ga kuwa makami a ajiye kusa da hannunsa. Labari ya kai Ikko da Saliyo, Kiristoci baƙaƙe suka harzuƙa, ana ta kira a rabu da Turawa a kafa ikilisiyar baƙar fata, waɗansu ma suka fita suka kafa tasu a Ikko a 1891. Ba wanda ya kai shi daraja a idon jama'ar nan. Da ya ɗaga yatsa ɗaya, da dubbai sun bi shi, da ya tsaga ikilisiya biyu ya bar wa samarin nan kango. Bai ɗaga ba. Abin da ya yarda da shi kaɗai, ikilisiyoyin bakin teku, wajen Bonny, su riƙa ɗaukar nauyin kansu da kuɗinsu da limamansu, amma suna nan cikin zumunta ɗaya da sauran. Ban ce waɗanda suka fita ba su da dalili ba. Na ce dai shi wanda aka fi cuta, shi ne ya ƙi mai da cutar tasa tutar yaƙi.

Ɗan'uwa, in an kore ka daga gida saboda sunan Yesu, ka faɗi gaskiyarka da ladabi, ka ci gaba da gai da iyayenka, ran da ciwo ya kama wanda ya kore ka kuwa ka zama na fari a bakin ƙofarsa. In an ci maka iyakar gona, akwai dattawa, akwai alkali, ka bi ta nan, kada ka bi ta dare da ashana. In kuwa ɗan'uwa cikin ikilisiya ne ya ɓata maka, ka same shi ku biyu tukuna, yadda Ubangiji ya tsara cikin Matta sura 18, kada ka tara masa jama'a a bayan ido. Ba na ce maka zafin zai tafi ran nan ba. Ka kai shi wurin Mai Ceto wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun ƙusoshi suna jikinsa, ka sake kai shi gobe. Kuma ban yi maka alkawari za ka ga sakamako da idonka ba, gama Ajayi bai gani ba.

Cikin shekara ta 1891 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Aka kai shi Ikko, garin da aka taɓa ɗaure shi da sarƙa, ya rasu can ran 31 ga Disamba, 1891. Robinson ya riga shi, ya mutu a Lakwaja cikin shekarar nan, Brooke kuma ya bi su a 1892, ba ɗayansu da ya kai Kano. Robinson ya bar aikin juya Bisharar Matta da Hausa, aka buga bayan mutuwarsa, mu Hausawa muna cikin masu cin moriyar wahalarsa, Allah kuwa shi ne mai auna bayinsa duka. Aka ba Bature kujerar Bishop Crowther, sai da aka yi shekara 60 kafin baƙin mutum ya sake riƙe irin wannan matsayi cikin ikilisiyar a ƙasarmu. A 1976 aka tone ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka mai da su harabar babbar majami'ar Kristi da ke bakin ruwa a Ikko. A 2014 kuma, shekara 150 bayan keɓe shi, aka yi sujada a majami'ar Kantabari, inda aka ɗora masa hannu, Babban Bishop na lokacin, Justin Welby, ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa ikilisiyarsa ta zalunci bawan Allah nan, ya nemi gafara.